Malam Nu'uman da Tsagar Gidan Dira

Kafin masu shagunan unguwar Dira su ɗaga ƙofofinsu, Malam Nu'uman magini ya riga ya iso. Zai ajiye butar shayinsa a dakali, ya zagaya tsohon gidan yana shafa bango da tafin hannu. Shekaru ashirin da wani abu yana haka, tun da ya baro Funtua ya zo Riyad.

Gidan nan ya ga hannu iri-iri. Kakan masu gidan ya gina shi da laka da ƙaiƙayi, tagoginsa ƙanana don kare zafi. Da arzikin mai ya zo, ɗansa ya ɗora ɗakin siminti a sama, ya sa wa gidan ƙofar ƙarfe. Daga baya aka huda bango aka cusa na'urar sanyaya ɗaki. Kowa ya zo sai ya ƙara wa laka kaya, Malam Nu'uman kuma yana lallaɓa ta.

Bara aka yi ruwa mai ƙarfi, bangon gabas ya tsage tun daga sama. Abu Turki, jikan mai gidan kuma kafil ɗin Malam, wato wanda iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, ke hannunsa, yana shirin zuba leburori 'yan haya a ciki. Basiru direba yana tsaye aka yi maganar.

Abu Turki ya ce, "Yalla, maza, ya Nu'uman, shafe tsagar nan da siminti, ka bi da fenti. Halas, shi ke nan."

"Ba zan shafe ba, ya Abu Turki. Ɗakin sama ne ke danne lakar. Ba zan rufe tsaga in kwantar da 'ya'yan mutane a ƙarƙashinta ba."

"Ka san zan iya buga maka takardar fita daga ƙasar nan ta dindindin?"

"Na sani. Ka buga. Funtua tana nan inda na bar ta."

Bai buga ba, amma ya tura shi unguwar Shifa ɗaukar bulo a tsakar rana, mutum mai furfura. Basiru ya ce, "Baba, ka ba shi haƙuri mana, kana da iyali." Malam ya ce, "Su ma waɗanda za su kwana a ɗakin suna da iyali."

Kuma bai yi shiru ba. Duk maginin da aka ɗauko, sai Malam ya neme shi, ya nuna masa bangon, ya ce, "Ga ta nan. In ka rufe, kai da Allah." Aka rasa wanda zai ɗauki cokalin gini.

Labari ya kai kunnen mahaifiyar Abu Turki, tsohuwar da aka kawo amarya gidan. Ta sa aka kai ta a keken guragu, ta dubi bangon, ta ce wa ɗanta, "Dawo da mutumin nan."

Ya dawo. Ya tokare rufin, ya sauke ɗakin siminti, ya kwaɓa laka da ƙafarsa ya ɗinke bangon. Ƙofar ƙarfen kuwa ya bar ta, don tsohuwar ta ce mijinta ne ya zaɓo ta. Yau mutane na kwana a gidan lafiya, yawancinsu ba su ma san sunansa ba.

Kai ne, Malam Nu'uman, ka ce a'a alhali takardar zamanka tana aljihun wani. Kai ne ka yarda ka ɗauki bulo da tsufanka, ba ka yarda ka yi ha'inci ba. Namijin duniya, gwanin laka!

Bayan Sallah zai koma gida, gwiwa ta gaji. Mun gode, Baba. Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka huta cikin jikokinka. Mu da muka rage a nan, likita da direba da lebura, akwai ranar da za a ce wa kowannenmu ya shafe ya yi fenti. In ta zo, mu ce ba za mu shafe ba.