Ranar Da Na Cire Safa A Gidan Lalle

Ina 'yar shekara goma sha biyu, 'yar mai tsire a unguwar Briqueterie, siririya kamar tsinken Baba, wata Madam ta zo makarantarmu neman yaran da za ta koya wa bale, rawar Turawan nan da ake yi a kan tsinin yatsun ƙafa. Ta ce ina da baiwa, za ta kai ni gasa a Faransa. Mama ta yarda don an ce kyauta ne.

Ashe da jikina zan biya. Kowace Litinin sai Madam ta ɗora mu a sikeli, ta shinshina kaina a gaban 'ya'yan manya ta ce ina warin yaji. Na daina cin tsiren Baba, ina ce masa na ƙoshi alhali yunwa nake ji. Faratana suka zube a cikin takalmin rawar, Madam ta ce in naɗe da tsumma in ci gaba, mai raki ba ta zuwa Faransa. Na koma sa safa har a gida, alwala a ɓoye, ko da Salla ba na yarda a sa min lalle. Da gwiwata ta goce ana dab da gasar, ko sannu ba ta aiko ba, washegari ta ba wata gurbina. A gida na ce santsi ne ya kwashe ni.

Na riƙe matar nan a zuciya, ban yafe ba. Bara sai ga ta ta dawo unguwa, ta zaɓi 'yar yayata da wasu yara, iyaye mata sai murna suke, har suka gayyace ta lallen wani biki. Na bari tsakar gida ta cika. Da mai lalle ta iso kaina, na cire safa na miƙe ƙafafuna a tabarma, yatsu a karkace, ba farce ɗaya na kirki. Guɗa ta tsaya. Na ce su tambayi baƙuwarsu aikin wane ne wannan. Mama ta fashe da kuka, Madam ta laluɓi jakarta ta fice. Ko yarinya ɗaya ba ta bi ta ba, kuma wallahi na ji sanyi a raina.

Rawar ba ta yi min laifi ba, matar nan da shirun da na yi ne suka cuce ni. Iyaye, idan 'yarku ta fara ƙin abincin gida tana ɓoye ƙafa, ku cire safar ku duba. Ni dai ranar Mama ta karɓi kwanon lallen, ta sa min da hannunta a kan yatsun yadda suke.