Lukuman Ya Amsa Tambaya Daga Cikin Rumbu

Ranar da Lukuman ɗan Malam Sajo ya burma cikin rumbun ubansa, rabin Dugabau ta ji ƙarar. Ya hau jinka ne saboda a gidan nan a can kaɗai sabis yake sauka, ga wani kamfanin Legas yana masa intabiyu ta waya. Jinkar kuwa ta tsufa. Sai ji aka yi rigijib, kaji suka watse.

An haifi Lukuman shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, shi ya sa kakarsa take ce masa Alƙali. Alƙalanci bai yiwu ba, kwamfuta ya bi. A shagon cajin waya a Kabo ya fara latse-latse, ya je birni ya yi karatu, ya dawo da tsohuwar laftof daidai lokacin da fetur ya gagari janareta. Malam Sajo ya yanke masa wa'adi: in aiki bai samu ba kafin damina, ga garma.

Ikon Allah, wayar ba ta katse ba. Maƙwabta suka kewaye rumbu suna jin Turanci da atishawa suna fitowa ta sama, ubansa na cewa kowa ya yi shiru. Da aka zaro shi, ƙaiƙayi har cikin kunne, maƙwabcinsu Datti ya ce, "Alƙali, me kuka tattauna da gero?"

Lukuman ya ce an tambaye shi yadda ake bambance ma'ajiyar bayanai da ake rarrabawa a ƙwaƙwalwar kwamfutoci da yawa. "Iri uku ne: kash, girid da databes. Kash kamar garin da Inna ke ajiyewa gefen murhu ne don sauri, in ya zube a sake ɗebowa. Girid kamar dakan biki ne, a raba hatsi gida-gida, kowa ta daka nata, in wata ta gaza wata ta karɓa. Databes kuwa rumbun ne da kansa, in ya tafi sai yunwa."

Datti ya tafa hannu. "Ashe duk karatun nan aikin tuwo ka koyo."

Lukuman ya karkaɗe hularsa. "Shi ne, Baba Datti. Kai ma tun kafin a haife ni kake cin tuwon, ba wanda ya taɓa nemanka daga Legas. Ni Litinin aka ce in fara."