Hannun Rigar Madam

Ranar da na fara shiga zauren Inna Tasalla a Babura, na sha miyar kuka har wuyan hannu. Na waiwaya na ga wani tsumma a kan tabarma, na goge yatsuna da shi. Marin da Inna ta sauke mini a ƙeya har yau ina jin sa idan hadari ya taso. Ashe tsumman nan alharini ne, kuma ya girmi kakata.

Ni ɗinkin hula nake yi, zare na je saye. Da hucewarta ta ba ni labarin.

A Magarya take da mijinta Hamma, mai bugun tufafi, zamanin da Faransawa ke riƙe da can. Ita ke wa matar Kumandan wanki. Madam tana da wata riga ruwan zuma, mai faɗin gindi kamar rumbu, gadon kakarta, wadda aka ce matar wani basarake ce a ƙasarsu. Wata rana rigar ta yamutse a akwati, aka ba Tasalla ta gyara. Hamma ya ce a bar masa, zai fitar mata da ƙyallin da Madam ba ta taɓa gani ba. Ya shimfiɗa ta a kan itacen bugu kamar yadda yake wa kowace babbar riga. Bai san tsohon alharini ba ya ɗaukar duka ba. Bugu uku, hannun rigar ya tsattsage kamar busasshen ganye.

Madam ta jefa wa Tasalla rigar a fuska. Kumandan ya sa aka ɗaure Hamma aka tura shi aikin hanya. Bayan damina wani da ya gudo ya ce ya rasu, amma bai san inda aka rufe shi ba.

Tasalla ta ƙetaro iyaka da rigar a ƙullinta. Shekara goma sha ɗaya tana warware ta zare-zare tana sayar wa irinmu, tana ci. Rabin hulunan attajiran Kazaure da gindin rigar Madam aka yi musu ado, ba su sani ba.

Shekarar da fara ta cinye gero, saura hannun nan da ya tsage, wanda na yi wa wanka da miya. Na same ta a zaune, ƙashin wuyanta a waje, ba hayaƙi a murhu. Na sauke mata gero tiya biyar.

Na ce, "Inna, ba ni tsumman nan ki ɗora tukunya. Ni da shi ai mun saba, mun ci tuwo tare."

Ba ta yi dariya ba. Ta shafa wurin da mabugi ya sauka, ta tura mini geron da ƙafa.

Ta ce, "Daudu, nan ne wuri na ƙarshe da hannun Hamma ya taɓa, ba ni da wani kabarinsa sai shi. Je ka sayar da na ubanka tukuna, ka zo ka faɗa mini tiya nawa aka ba ka."