Malam Kwatance da Bakaniken Ƙetaren Kogi

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi marigayi malaminmu, wanda ɗalibansa suka fi sani da laƙabin Malam Kwatance, a shekarar 1946 Miladiyya, a wani ƙaramin gari na bakin kogi inda iyakokin ƙasashe uku suka haɗu. Mahaifinsa matuƙin kwalekwale ne mai fiton mutane da kaya, mahaifiyarsa kuwa mai ɗinki ce, 'yar ƙasar ƙetaren kogi, wadda aure ya kawo ta wannan gefe. Ya tashi yana ganin jama'a masu harshe ɗaya da gonaki iri ɗaya, amma kowane ɓangare da tutarsa da irin hukumarsa. An ruwaito cewa idan fasinjoji suka kaure da gardamar wace ƙasa ta fi, mahaifinsa yakan ce musu, "Kifin kogin nan bai san ɗan wace ƙasa ba ne sai ya shiga tukunya. Ku zauna daidai kada ku kifar da mu."

Karatunsa

Ya shiga makarantar firamare a shekarar 1953, ya wuce kwalejin horon malamai a 1960, sannan bayan wasu shekaru yana koyarwa a ƙauye ya sami damar shiga jami'a a 1968, inda ya karanci ilimin siyasa da tattalin arziki. A wancan zamani ƙasashen uku kowacce da tafarkin da ta kama. Ƙasarmu tana da jam'iyyu barkatai da zaɓe da jaridu masu kaifin baki. Ƙasar ƙetaren kogi tana hannun soja. Ƙasar gabas kuwa jam'iyya ɗaya ce tak, kuma gwamnati ce ke sayen amfanin gona da ƙayyade farashin kaya. Malamansa sun shaide shi da natsuwa da rashin gaggawar yanke hukunci, har ɗaya daga cikinsu ya taɓa ce masa idan aka tambaye shi ko rana ta fito sai ya leƙa taga uku kafin ya amsa.

Aikin koyarwa

A shekarar 1972 aka ɗauke shi aiki a kwalejin horon malamai ta babban garin lardinsu, aka ba shi aji na ƙarshen bene, mai tagogi biyu da silin mai ɗigar ruwa da damina. Da zarar ya shigo sai ya ɗauki alli ya raba allo gida uku, ya sa kowace ƙasa a gidanta yana kwatanta su, kuma daga nan laƙabinsa ya samo asali. Bai yarda ɗalibi ya yi magana a kan ƙasar da bai taka ba, saboda haka kowace shekara yakan kwashi 'yan ajin ƙarshe a motar kwaleji su zaga ƙasashen maƙwabta. Ba ya kai su ofisoshin manya. Famfon unguwa yake kai su, inda ake jera bokitai, su yi wa masu ɗibar ruwa tambaya guda: idan famfon nan ya lalace, wa kuke gaya wa, kuma me ke biyo baya?

Abin da suka riƙa tararwa ya gyara tunanin ɗalibai da yawa. A ƙasar gabas akwai kwamitin unguwa mai karɓar koke da ladabi, ruwa kuma kyauta ne, sai dai kayan gyara ba sa zuwa, domin shagon gwamnati araha gare shi amma kantocinsa wayam. A ƙasarmu kowa na da bakin faɗa, har a jarida, amma ba a cika ganin mai gyara ba sai zaɓe ya matso. A ƙasar ƙetare tituna sumul ne kuma famfunan bakin hanya suna zuba, sai dai idan aka yi tambayar mutane sukan dubi ƙasa su ce komai lafiya. Malam bai taɓa gaya wa ɗalibansa wadda ta fi ba. Yakan ce su ci gaba da dubawa.

Aurensa

Ya yi aure a shekarar 1974. Mai ɗakinsa ma'aikaciyar jinya ce a asibitin gari, mace mai hanzari da barkwanci, wadda yara da manya suke kira Inna. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. 'Ya'yan sun tuna wata rana da ta ajiye masa abinci ta ce, "To Malam, a raba kwanon uku ne a kwatanta da na maƙwabta?" Shi kuma ya ce, "Wannan fanni ba a bincike a cikinsa, don tsira da ran mai binciken."

Tafiyar shekarar 1979

A tafiyar wannan shekara motar kwaleji ta tsaya a wata unguwa ta bayan gari a ƙasar ƙetare, inda suka iske wani bakanike durƙushe a gindin famfo, hannunsa duk baƙin mai, mata da bokitansu suna jiransa. Ɗalibai suka yi tambayarsu ta kullum a gaban kowa, shi kuwa, saɓanin sauran mutanen ƙasar, ya ɗago kai ya amsa.

"Wa muke gaya wa? Allah," in ji shi. "Na bakin titi inda manya ke wucewa shi ake gyarawa. Wannan kuwa da robar tayar keke nake ɗaure shi. In ka kai ƙara a ce kana ɓata sunan gwamnati, in ka yi shiru mata su zage ka. Na zaɓi zagin mata, shi ba ya barin tabo."

Ɗalibai suka yi dariya, suka tafa masa, suka ɗauki hoto da shi. Da suka dawo gida, domin su karrama shi, sai suka buga hotonsa da maganarsa a mujallar kwaleji, Malam kuma ya sa hannu da farin ciki, kasancewar a ƙasarmu fitowar talaka a jarida abin alfahari ne. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa a ƙetare ba haka abin yake ba. Tsofaffin takardu kan ƙetara kogi a hannun 'yan kasuwa masu naɗe kaya da su, kuma ta wannan hanya shafin ya isa hannun hukuma. Kafin ƙarshen shekara aka kama bakaniken, aka tsare shi ba tare da shari'a ba.

Shekarun neman sakinsa

Ƙanen Malam, wanda ya gaji kwalekwalen mahaifinsu, shi ya kawo labarin. Daga wannan rana Malam ya dakatar da tafiye-tafiyen ɗalibai, ya mai da hankalinsa kacokan ga neman a saki mutumin. Ya bi ta hannun dangin mahaifiyarsa, ya bi ta hannun malaman addini da shugabannin 'yan kasuwa masu shiga da fita, ya je da kansa ya tsaya a gaban hukumar lardin ƙetare ya bayyana cewa laifin nasa ne. Aka saurare shi, aka rako shi bakin kogi, aka haramta masa sake shiga ƙasar.

A cikin wannan bincike aka gano cewa matar bakaniken ta riga ta rasu, kuma yana da 'ya'ya mata biyu ƙanana a hannun tsohuwar mahaifiyarsa, wadda idonta ya fara rauni. Da Inna ta ji haka sai ta ɗauki hutu a asibiti, ta yafa mayafinta ta ce wa Malam, "Kai ka yi tambaya, ni zan je in ba da amsa." Ta ƙetara a kwalekwalen ƙanen mijinta, ta zauna da tsohuwar, ta faɗa mata gaskiyar ko su wane ne. Tsohuwa ta yi jinkiri, daga bisani ta amince a tafi da yaran a sa su makaranta, bisa sharaɗin cewa aro ne ba kyauta ba, ranar da ubansu ya fito za a mayar masa da abinsa. Haka suka shigo gidan a farkon shekarar 1980, aka ƙara katifa a ɗakin yara, aka ƙara kujeru biyu a teburin karatu na zaure. Malam bai yarda su kira shi Baba ba. Ya ce su kira shi Kawu, domin babansu yana raye kuma zai dawo.

A shekarar 1986 soja suka karɓi mulki a ƙasarmu, aka rufe mujallar kwaleji, aka umarci Malam da ya daina raba allo. Ya bi umarnin a aji, amma ɗaliban wannan zamani sun ce ba su buƙaci allo ba, domin sun ga iyayensu sun fara duban ƙasa suna cewa komai lafiya. Duk da wannan hali bai fasa aika saƙon neman afuwa ƙetare ba, ko da yake sau da yawa ba a tabbatar masa ko mutumin yana da rai ba.

Fitowar bakanike

A shekarar 1990 al'amura suka juya a ƙasar ƙetare, aka yi zaɓe, sabuwar gwamnati ta buɗe ƙofofin gidajen tsaro ta saki waɗanda ke tsare. Bakanike ya fito ya tarar mahaifiyarsa ta rasu, maƙwabta suka gaya masa inda 'ya'yansa suke. Da hantsi wata ranar asabar ya yi sallama a ƙofar gidan Malam, ya rame, furfura ta cika masa kai, yana ɗan ɗingishi. Waɗanda suke wurin sun ce Malam ya kasa haɗa ido da shi, ya durƙusa yana neman gafara, yana jiran ko wane irin hukunci.

"Tashi, Malam, kada ɗalibanka su gani," in ji baƙon. "Abu ɗaya ya dame ni a can. Hoton nan da suka nuna mini, ai bai yi kyau ba ko kaɗan. Da na sani da na wanke fuska." Da dariya ta lafa sai ya ƙara da cewa, "Bakina ne ya faɗa, kuma gaskiya na faɗa. Amma nan gaba in za ka tambayi mutum, ka fara tambayarsa abin da amsar za ta jawo masa."

Aka kira 'yan matan, babbar tana shekarar ƙarshe ta sakandare, ƙaramar tana bin bayanta. Inna ta gaya wa baƙon sharaɗin tsohuwa, ta ce ga aronsa nan an mayar. Ya daɗe yana kallon 'ya'yansa da littattafansu a hannu, sannan ya ce ba a cire shuka tana cikin fure, su ƙarasa karatunsu inda suke. Ya koma ƙasarsa ya buɗe rumfar gyaran famfo, ya riƙa ƙetarowa duk ƙarshen wata, kuma ɗakin baƙi na gidan Malam ya zama nasa.

Ƙarshen aikinsa da tsufansa

Bayan dawowar mulkin farar hula a ƙasarmu, Malam ya sake fara tafiye-tafiyen ɗalibai a shekarar 1993, amma da sababbin ƙa'idoji: ba a ɗaukar hoto, ba a rubuta sunan kowa, ba a tambayar mutum a gaban jama'a, kuma wanda ya yi shiru ba a matsa masa. A ƙarƙashin gidaje ukun allonsa ya ƙara layi guda mai ratsa su duka, wato abin da magana ke jawo wa mai yinta. Yakan koyar da cewa tituna da farashi da amfanin gona duk ma'aunai ne na gaskiya, kuma kowace ƙasa cikin ukun ta yi gaba a wani abu ta yi baya a wani, sai dai ba a gama auna ci gaban ƙasa ba sai an san ko mai gyaran famfo zai iya faɗin abin da ya lalace ya kwana a gidansa. Malamai masu yawa da suka fita daga hannunsa suna koyarwa a yau a ƙasashen uku, kuma da wannan tsari suke aiki. Ya yi ritaya a shekarar 2006, ya koma garinsu na bakin kogi, inda ya ci gaba da koyar da manya karatu kyauta a zaurensa.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 2019 bayan gajeriyar rashin lafiya, yana da shekara saba'in da uku. An yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar garin kusa da iyayensa, a gaban jama'a daga ƙasashen uku. Da mai sanarwa ya tambayi iyalan mamacin 'ya'ya nawa za a ambata, sai babban ɗansa ya dubi tsohon bakanike da ke zaune a gefensa, domin bai so ya ɗauki abin da ba nasu ba a gaban mai shi. Tsohon ya dogara sandarsa ya miƙe ya ce, "Ku ce shida. Ya hana 'ya'yana kiransa Baba don ni. Yau ni na ba da izini."

Saboda haka ya rasu ya bar mai ɗakinsa, Inna, da 'ya'ya shida: babban ɗansa injiniyan ruwa, da mai bi masa malamar makaranta, da lauya mai kare waɗanda aka tsare ba shari'a, wadda ita ce babbar 'yar bakanike, da ƙanwarta ungozoma, da wani ɗansa manomi, da auta mai sayar da magunguna, tare da jikoki da dama a ɓangarorin kogin biyu. Mu da muka zauna a gaban allonsa muna godiya ga Allah da ya haɗa mu da shi. Allah ya yafe masa kurakuransa kamar yadda bawansa ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa, ya albarkaci duka shidan.