Direban Da Ke Roƙon A Kai Ƙararsa

Akwai maganar da Maniru direba ya faɗa a zauren kawunsa Ɗanbaba, wadda ko matar Manirun ba ta ji ba. Zan faɗa muku. Amma ku dakata, sai kun san Manirun tukuna.

Ɗan Boɗinga ne, mai akori-kura, yana kwasar albasa daga fadamar Dancaɗi zuwa kasuwar Shagari. Motar nan in ta yi tari a tasha, har kajin ƙauyen Mandera sai sun watse. Shi ko mutum ne mai tausayi, in ya taka ƙadangare sai ya tsaya ya yi wa danginsa ta'aziyya.

Shekarar da gwamnatin farar hula ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, taya ta zama kamar zinari. Ran wata kasuwa tayar gaba ta fashe, mota ta kwanta, albasa ta gangara har gobe ana tsinta. Kawu Ɗanbaba, da ke zaune bisa buhuna, ƙugunsa ya karye. Maɗori ya yi iyakar yinsa, ƙashi ya haɗe a karkace. Rani ya shigo, fadamar Kawu ba mai ban ruwa.

Maniru ya daina cin abinci, ya rame har wandonsa na neman gudu. Wani lauya ɗan Dandin Mahe da ke aiki a Sakkwato ya duba inshorar motar ya ce tana da kyau, kamfani zai ɗauki nauyin aikin asibiti, amma sai wanda ya ji rauni ya kai ƙarar direba. Nan fa gizo ke saƙar, don tun ranar haɗarin Kawu ya ce gaban liman ya yafe.

Sai ga Maniru kullum durƙushe a zaure.

"Kawu, don Allah ka kai ƙarata."

"Ƙaddara ta, ɗana. Na yahe."

"To ka janye yahewar, Kawu, ko ta wata guda."

"Riga ta, da za ni tuɓewa in maida?"

Da roƙo ya ƙi ci, ya fito da abin da ke cinsa. Ya ce, "Kawu, ba ƙaddara ba ta ita ɗai. Na san tayar ta suɗe. Da asuba na ga zarenta waje, nic ce ta kai mu ta maido."

Kawu ya gyara kwanciya da ƙyar. "Ni ma na gane ta. Har na shura ta da ƙahwa, kana nih hau. Mi za ni ce ma alƙali?"

Maniru ya fashe da kuka. Sai muryar Inna Kaltume, matar Kawu, ta taso daga cikin gida: "Shi ya yahe. Ni da ka ɗaga shi in aje, wa yat tambaye ni? Gobe a ɗauko lauyan ga, Malam kuma shi sa hannu ko in tahi gidanmu."

Kawu ya ce, "To, Kaltume."

Maniru ya share hawaye yana ta godiya, sai ka ce kujerar Makka aka ba shi. Ya miƙe ya fito da sauri, ya yi karo da ni a jikin zana, kunnena manne.

"Kai, Ɗanladi! Duk ka jiya?"

Na ce inuwa nake sha.

"Madalla. Gobe da kai za a Sakkwato, ka maimaita ma lauya, kada in ji kunya in rage wani abu."