Tuwon Ƙasa a Gwangwanin Madara

Jiya na tarar da 'yata mai shekara uku tana dama ƙasa a gwangwanin madara. Na ƙwace, na miƙa mata fensir, don malamarsu ta ce duk wanda bai cika shafi biyu ba za a bar shi baya.

Sai kakata ta faɗo min a rai. Muna yara, a tsakar gidanmu na Illela takan durƙusa cikin jiƙaƙƙen rairayi ta ce, "Mi kunka dafa mani yau?" Ta tauna iska, ta yamutsa fuska, wai gishiri bai ji ba. Mu koma mu sake, muna gardama.

Allah Ya jiƙanki, Kaka. Ya ba yarinyar nan mai ɗanɗana tuwonta, ni dai na kasa.