Kawu Bawa da mai sanda

"Wanga mai sanda, mi yaka yi?"

Kawu Bawa ke nan, yana nuna talabijin. Makaɗin kotso ne daga Moriki, ya rataye kotsonsa tun da aka ƙaddamar da Shari'a. Da ya sauka gidanmu a Ƙaura, sai na sa masa bidiyon kiɗan Turawa: masu goge da masu busa cike da dandamali, wani a gabansu yana kaɗa musu 'yar sanda.

Na ce shugabansu ne.

"Shugaba ba ganga, ba waƙa, ya ba manyan baƙi ƙeya? Ban ma ji an wasa kowa ba! Wa suka ma kiɗin?"

Na ce ba kowa. Kiɗan wani ne da ya rasu tun kafin a haifi kakansa.

Dariyarsa ta tsaya. "Ya mutu, amma ana nan ana kiɗinai?"

Washegari ya aika aka ɗauko kotso, ya zaunar da ni. Na yi ta bugu, shi yana toshe kunne. Ƙarshe ya ce, "Ɗana, kai sandar ta dace da kai."

Yau na ci karo da kiɗan Turawan nan a waya. Na Kawu kuwa, Allah ya jiƙansa, tare suka tafi.

Ku me aka ba ku kuka kasa riƙewa?